FILIN KIMIYYA DA FASAHA: In Faifai Ya Ƙi Karantuwa Ana Tsakiyar Kwafe Shi

Da wuya a shiga gida ko ofis a biranen ƙasar nan a rasa wani kwali ko akwati da aka jibge faya-fayan CD da DVD a cikinsa. A ciki ne ake samun bidiyon biki da na suna, da hotunan iyayen da suka riga mu gidan gaskiya, da karatun malamai da aka ɗauka cikin watan azumi, da sakamakon jarrabawar ɗalibai da wani akawu ya zuba a faifai shekaru ashirin da suka wuce. Mai irin wannan dukiya yakan farga wata rana, ya ɗauko faifan domin ya kwafe shi cikin kwamfuta. Aiki ya yi ta tafiya har ya kai kashi 80 ko 90 cikin ɗari, sa'an nan na'ura ta kama gurnani, faifai ya yi ta juyawa wuri guda, can sai saƙo ya fito cewa an kasa karanta fayil. A Windows saƙon yakan zo da haruffan nan uku, CRC. A Linux kuwa cewa yake yi an sami kuskure wajen shiga da fitar bayani.

A nan ne mutane da yawa ke yin ɗayan ɓarna biyu. Wani ya yanke ƙauna ya jefar da faifan, wani kuma ya dirje shi da gefen riga har ya ƙarasa abin da ya rage. Alhali kuwa sau da yawa mafi yawan abin da ke cikin faifan yana nan lafiya, hanyar da za a bi a fito da shi ce ba a sani ba.

YADDA RUBUTU YAKE A FAIFAI

Kamfanonin Philips da Sony ne suka fito da faifan CD a shekarar 1982, DVD kuwa ya shiga kasuwa a Japan a 1996. Duk wanda ya taɓa ganin yadda mata ke ɗinka faifan kaba ya riga ya fahimci tsarin rubutunsa. Daga cibiya ake farawa, a yi ta kewayawa da layi guda ɗaya har a kai baki. Faɗin faifan santimita 12 ne kacal, amma da za a warware wannan layi na CD a miƙe shi, sai ya zarce kilomita 5. Hasken leza ne ke bin layin yana karanta ƙananan alamun da ke kansa, waɗanda ido ba ya iya gani.

An yanka layin gurbi-gurbi. A faifan CD mai cin minti 80, watau mai megabayit 700, akwai gurabe 360,000. Kowane gurbi yana da bayit 2,352, amma a faifan ajiyar fayiloli 2,048 ne kawai ke ɗauke da ainihin kayan mai faifai. Sauran 304 adireshin gurbin ne da lissafin da na'ura ke amfani da shi ta gane kuskure ta kuma gyara shi. Tushen wannan lissafi aikin waɗansu masana biyu ne na Amurka, Irving Reed da Gustave Solomon, wanda suka buga a 1960. Bugu da ƙari, ba a jera bayani wuri guda, warwatsa shi ake yi a kan layin, yadda in wani ɗan wuri ya lalace za a iya cike giɓinsa daga maƙwabtansa. Da wannan dabara na'ura kan gyara ɓarnar da tsawonta a kan layi ya kai wajen milimita biyu da rabi ba tare da mai ita ya sani ba. Saboda haka duk sa'ad da saƙon CRC ya fito, ma'anarsa na'ura ta karanta gurbi, ta yi lissafi, lissafin bai fita ba, kuma ɓarnar ta fi ƙarfin gyaranta.

Abin da ake kira kwafin sukutum shi ne a ɗauke waɗannan gurabe ɗaya bayan ɗaya, daga na farko har na ƙarshe, a zuba su cikin fayil guda. Irin wannan fayil shi ne aka fi sani da ISO, sunan da ya samo daga ƙa'idar tsara faifai mai lamba ISO 9660 ta shekarar 1988. Amfaninsa shi ne yana riƙe faifan yadda yake, da jerin fayilolinsa da tsarinsa duka, kuma tun daga Windows 8 ta 2012 ana iya buɗe shi kai tsaye kamar an sa faifai a na'ura. Illarsa kuwa ita ce manhajoji da yawa, da zarar sun ci karo da gurbi ɗaya tak da ya ƙi karantuwa cikin dubu ɗari uku da sittin, sai su watsar da aikin gaba ɗaya.

A FARA TANTANCE MAI LAIFI

Kafin a ɗora wa faifai laifi, wajibi ne a tabbata shi ne mai laifin. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa wani faifai mai lafiya a na'urar. In shi ma ya ƙi, to, na'urar ce ke ciwo. Ƙurar hunturu kan rufe idon da hasken leza ke fita ta cikinsa, ƙarfin hasken kuma yana raguwa da tsufa. Har wa yau hasken da ke karanta CD dabam yake da na DVD, shi ya sa akan sami na'urar da ke karanta ɗaya lafiya lau ta ƙi ɗayan. Ƙananan na'urorin nan da ake jonawa ta USB kuwa, ƙarancin wuta kan sa su sare a tsakiyar aiki. Maganinsa shi ne a jona su kai tsaye a jikin kwamfuta, a sauya waya, in kwamfutar ta hannu ce kuma a sa ta a caji.

Abu na biyu da za a lura da shi shi ne wurin da aikin ke tsayawa. In kullum a wuri guda yake tsayawa, ɓarnar a jikin faifai take. In yau ya tsaya a kashi 30, gobe a kashi 70, to, a fi zargin na'ura ko waya ko wuta.

Akwai kuma kurakuran da ba na karatu ba ne sam, ko da yake sun yi kama da shi. Filashi da yawa suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai gigabayit 4. Cikakken DVD kuwa gigabayit 4.7 yake ɗauka, mai hawa biyu 8.5. Wanda ya nufi kwafin DVD kai tsaye cikin irin wannan filashi, aikinsa zai tsaya daf da ƙarshe, ya yi ta zargin faifai a banza. Sai a zuba kwafin a cikin kwamfuta, ko a sauya tsarin filashin zuwa exFAT ko NTFS, bayan an kwashe abin da ke cikinsa, domin sauya tsari yana shafe kome.

Haka nan waɗansu faya-fayan CD da aka rubuta a gida suna da gurabe biyu a can ƙarshe waɗanda dama ba a karanta su, alamar rufe rubutu ce kawai. In kuskure ya fito a daidai ƙarshen faifai, kuma fayiloli duka suna buɗewa, babu abin da aka rasa. Faifan da aka ɗauka da kyamarar bidiyo ko na'urar ɗaukar DVD, aka cire shi ba a yi masa rufewar ƙarshe ba, shi kuma yakan nuna kamar babu kome a cikinsa. In na'urar da ta rubuta shi tana nan, a mayar da shi cikinta ta rufe shi.

BA KOWANE FAIFAI KE ZAMA ISO BA

Wannan batu ya shafi ƙasar nan ƙwarai, domin a shekarun 2000 a faifan VCD aka fi sayar da fina-finan Hausa da na Kudu, a kansa kuma masu ɗaukar biki suka riƙa miƙa wa jama'a aikinsu. Tsarin VCD, wanda aka fito da shi a 1993, ya rage lissafin gyara domin ya sami wurin zuba hoto. Gurbinsa bayit 2,324 yake ɗauka maimakon 2,048. Abin da wannan ke haifarwa iri biyu ne. Na farko, ɗan karcen da faifan fayiloli zai shanye, shi VCD sai ya nuna shi. Na biyu, manhajar da ke jiran gurabe masu 2,048 ba za ta iya mai da shi ISO ba ko da sabo ne fil. Na'urar kallo ba ta damu da wannan ba, in ta tarar da gurbi marar kyau hoto ya ɗan tsinke ta wuce. Kwamfuta kuwa so take kowane bayit ya cika. Shi ya sa faifan da ke yi a talabijin yakan ƙi kwafuwa.

Faifan sauti na waƙa ko karatu shi ma haka yake, ba shi da tsarin fayiloli irin na ISO. Irin waɗannan ana kwafe su ne a matsayin tagwayen fayiloli, BIN da CUE, na farko yana ɗauke da gurabe cikakku, na biyu yana bayyana jerinsu. Manhajar ImgBurn da IsoBuster suna yin wannan aiki. Ga faifan sauti kuwa akwai Exact Audio Copy a Windows da cdparanoia a Linux, waɗanda ke maimaita karanta wuri har sai karatun ya daidaita.

Waɗansu faya-fayan DVD na kamfanonin fina-finan ƙetare kuma da gangan aka kulle su, har akwai waɗanda aka dasa musu gurabe marasa kyau domin a rikita mai kwafi. Akwai kuma rabon duniya shiyya-shiyya, inda Nijeriya ta faɗa shiyya ta 5. Wannan kulle ne, ba lalacewa ba ce, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tana da tanadi a kan masu karya shi. Maganar wannan fili a kan kayan mutum ne na kansa.

DUBA JIKIN FAIFAI

In an tabbata faifan ne, sai a duba shi a wuri mai haske. Sau da yawa maiƙon yatsa ne ko ƙura. A wanke shi da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa, a ɗauraye, a tsane shi da ƙyalle mai laushi marar gashi. Sharaɗin kuwa shi ne a riƙa shafawa daga cibiya zuwa baki a miƙe, kada a kewaya. Dalili kuwa, karcen da ya ratsa layuka ɗan kaɗan yake ɓatawa a kowane layi, lissafi ya gyara. Wanda ya bi layi a kewaye kuwa dogon wuri yake cinyewa a jere, ya fi ƙarfin gyara. Kada a kusanto da fetur ko kananzir ko tina, suna cin robar.

Mutane sun fi tsoron karcen ƙasa, alhali a CD na sama ya fi haɗari. Kaurin faifan milimita 1.2 ne, rubutun kuwa yana can daf da bayan da ake rubuta suna, wani siririn fenti ne kawai ya rufe shi. Karcen ƙasa hanyar haske yake tarewa, rubutu yana nan. Karcen sama kuwa rubutun kansa yake kankarewa. In aka ɗaga CD ga fitila aka ga haske yana ratsowa ta ƙananan huji, abin da ke wurin ya tafi ke nan. DVD ya fi sa'a a nan, domin rubutunsa yana tsakiyar roba biyu masu kaurin milimita 0.6 kowace, sai dai shi kuma gam ɗin da ya haɗa su kan saki in ana lanƙwasa shi wajen cirewa daga gidansa.

Akwai kuma ruɓewa. Faifan da ake rubutawa a gida, watau CD-R da DVD-R, wani rini ne a cikinsa wanda leza ke ƙonawa, zafi da hasken rana kuwa suna kashe rini. Faifan da ya yi wata guda a gaban gilashin mota a zafin bazara ya riga ya yi tsufan shekaru. Irin wannan lalacewa takan fara daga baki, shi ya sa kwafi ke tsayawa wajen ƙarshe. Ko na kamfani ma bai tsira ba. Waɗansu faya-fayan da wata masana'anta ta buga a Blackburn ta ƙasar Ingila tsakanin 1988 da 1993 sun riƙa rikiɗewa zuwa launin tagulla saboda fentin da aka shafa musu bai kare ƙarfen ciki ba. A 2001 kuma masana a Spain suka ba da labarin wata irin fumfuna da aka samu tana cin faifan CD a ƙasar Belize mai zafi da laima.

Game da goge karce da man goge baki, wanda ya zama ruwan dare, gaskiya ne yakan rage kaifin karce marar zurfi, amma yakan bar dubban ƙanana a madadinsa. Kada garin gyaran gira a rasa ido. In ma za a yi, sai bayan an kwashe duk abin da zai kwasu.

A KWASHI MAI KYAU TUKUNA

Matakin farko shi ne a rage gudun na'ura. Faifan da ya ƙi karantuwa a gudu 48 yakan karantu a gudu 4, domin ido yana samun sukunin bin layi. Na biyu, a sauya na'ura. Na'urori sun bambanta wajen haƙuri da faifai mai rauni, kuma manyan nan na cikin kwamfutar tebur sun fi sirara na kwamfutar hannu. Na uku, a shiga saitin manhaja a ƙayyade mata sau nawa za ta sake gwada gurbi, a kuma umurce ta ta tsallake wanda ya gagara ta ci gaba.

Manhajar da ta yi fice a wannan fage ita ce GNU ddrescue, wadda Antonio Diaz Diaz ya fitar a 2004, kyauta ce kuma a Linux take aiki. Hikimarta irin ta manomin da ya ga hadari ya taso ne alhali hatsi na shanya. Yakan kwashi na fili da sauri tukuna, sa'an nan ya dawo tsince na cikin ƙasa. Ita ma in ta tarar da wuri mai wuya sai ta tsallake, ta kwashe duk mai sauƙi, kana ta dawo ta riƙa matsowa wurin ɓarnar daga gaba da baya, gurbi-gurbi. Tana kuma ajiye wani ɗan fayil, taswirar aikin, inda take rubuta abin da ta samu da abin da ya saura. Albarkacin wannan taswira, ko wuta ta ɗauke ba a koma farko. Ana iya cire faifai a wanke, ko a kai shi wata na'ura, a ci gaba daga inda aka tsaya, kuma abin da aka riga aka samu ba ya ɓacewa. Wajen faifan fayiloli da DVD sai a gaya mata girman gurbi 2,048 ne. Ba ta dace da VCD ko faifan sauti ba.

Wani babban amfaninta shi ne haɗa faifai biyu. In mai ɗaukar biki ya buga wa dangin ango DVD ɗaya, na amarya ɗaya, daga tushe guda, da wuya su lalace a gurbi ɗaya. A karanta na farko, a sa na biyu da taswira ɗaya, sai ya cike giɓin ɗan'uwansa a sami cikakke. Sharaɗi dai su zama kwafin juna daidai wa daida.

In bayan duk wannan waɗansu gurabe sun gagara, ba a yi asara duka ba. Gurabe goma da suka ɓace a bidiyo ɗan tsinkewar hoto ne na ƙiftawar ido. A rumbun hotuna wataƙila hoto ɗaya ne ko biyu cikin ɗaruruwa. Fayil ɗin da aka matse, irin ZIP, da manhajar da ake girkawa su ne ba sa jure giɓi. Da babu gara ba daɗi, amma a rubuta sunayen fayilolin da abin ya shafa a ajiye tare da kwafin, kada wani ya dogara da su nan gaba.

Wannan ƙa'ida ta shafi babban faifan cikin kwamfuta ma, har ta fi tsanani. Faifan CD ba ya ƙara lalacewa don an maimaita karanta shi, amma faifan ciki da ya fara ciwo kowane juyi yana ƙara masa rauni. Kada a sa masa manhajar gyara kamar chkdsk tun ba a ɗauki kwafinsa ba, domin gyara rubutu ne a kan marar lafiya. A ɗauki kwafi, a yi gyaran a kan kwafin. In kuwa yana ƙara ƙwas-ƙwas, a kashe shi nan take a nemi gwanaye.

BAYAN AN SAMU

Kwafin da ba a gwada ba, ba a san ko kwafi ba ne. A buɗe shi, a kalli bidiyon farko da tsakiya da ƙarshe. Sa'an nan a fitar masa da lambar shaida ta SHA-256 a ajiye, wadda in bayit ɗaya ya sauya ita ma za ta sauya. Masu ajiyar kayan tarihi suna bin ƙa'idar 3-2-1, watau kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam, ko gidan ɗan'uwa ko ma'ajiyar intanet. Faifan asali kuma kada a jefar. A sa shi a gidansa, a tsaye, a wuri mai sanyi marar laima, nesa da rana.

Abin da ya sa wannan aiki ba ya son jinkiri shi ne na'urorin ma suna ƙarewa. A 1986 gidan rediyon BBC ya tattara bayanin rayuwar Birtaniya a manyan faya-fayan leza guda biyu, domin cikar shekara 900 da rubuta littafin ƙidayar ƙasa na Domesday na 1086. Kafin 2002 na'urorin karanta su sun kusa ɓacewa, sai da masana na jami'o'in Leeds da Michigan suka yi aikin ceto, alhali littafin da aka rubuta a fata yana nan ana karanta shi. Haka rubuce-rubucen malaman Sakkwato na shekara ɗari biyu suke karantuwa a yau ga duk mai ido da ilmi. Tun 2008 kamfanin Apple ya fito da kwamfutar hannu marar wurin sa faifai, sauran kamfanoni suka bi sahu, a watan Fabrairun 2025 kuma Sony ya daina yin faya-fayan Blu-ray na rubutawa.

Saboda haka mai kwalin faya-fayai ya ware waɗanda babu irinsu a ko'ina, na iyali da na ofis da na makaranta, ya fara da su, musamman waɗanda aka rubuta a gida, tun da sauran na'ura a hannu ko a shagon maƙwabta. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai rai, filin zai duba yadda ake mai da kaset ɗin bidiyo da na rediyo cikin kwamfuta.